Baƙin Hayaƙi a Filin Jirgin Haɗeja

Filin jirginmu na Haɗeja, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, tudu ne kawai da aka share a bayan gari. Sai ɗaki ɗaya mai rufin kwano, inda yayana yake zama da akwatin wayar iska. Ni a lokacin malamin asibiti ne. Karɓar magani ke kai ni filin, domin idan ruwa ya cika fadama, mota ba ta iso mana sai an yi sa'a.

A wurin Yaya na fara sanin yadda matuƙi yake gane hanya a sama. A Kano akwai wata tasha da ba ta magana, sai dai ta yi ta buga ƙara iri ɗaya a kan mita ɗaya. A gaban matuƙi akwai allura. Idan ya kama mitar, allurar za ta nuna masa inda Kano take, daga nan ya auna inda ya dosa. Idan ya yi nisa sai ya haɗa da taswira da ido, ya bi kogi. Idan ya kusa, mai gadin filin ya tayar masa da hayaƙin ɗanyen ganye, ya ga wurin sauka, ya kuma ga inda iska ta nufa.

Mai gadin nan tsohon Bafulatani ne, mu kuwa Barebari ne, saboda haka shi da Yaya ba sa gaisawa sai da tsiya.

Wata ranar ƙarshen damina, bayan azahar, ina zaune a ƙofar ɗakin ina jiran ƙaramin jirgin da zai kawo mana magani. Hadari ya haɗu a yamma, tsakaninmu da Kano. Lokacin sauka ya wuce, babu ko ƙarar inji. Can sai muryar matuƙin, wani Bature, ta shigo cikin akwatin, da Turanci, tana tsinkewa. Ya ce allurarsa ta bar Kano tana bin walƙiya. Ya ce kogin da ke taswirarsa siririn zare ne, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa ruwa ne iya ganinsa. Da rani aka zana taswirar. Ya ƙara da cewa mansa ya kusa ƙarewa.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "Na ji ka. Yi ta magana, kada ka tsaya. Faɗa mini duk abin da kake gani."

A kan rufin ɗakin akwai wani zoben ƙarfe da ake juyawa daga ciki. Baturen ya shiga lissafo kwalekwale da goruba da shanu tsaye cikin ruwa, Yaya kuma yana juya zoben a hankali, kunnensa a kan muryar, har ta dusashe ta ɓace. A nan ya tsayar da hannunsa, domin inda murya ta ɓace, nan zoben yake nuna layin da jirgin yake. Zoben layi kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko jirgin yana gaba ko yana baya. Amma yawan ruwan da mutumin ya kwatanta sai wajen Kirikasamma, arewa maso gabas da mu.

"Ka wuce mu," in ji Yaya. "Juyo kudu maso yamma. Za ka ga hayaƙi."

Bayan ɗan lokaci muryar ta dawo da ƙarfi. "Na ga hayaƙi."

"To, nufe shi."

"Wanne? Ko'ina hayaƙi ne."

Muka dubi juna. Lokacin banda ne. Kowane tsibiri a fadamar nan akwai masunta suna busar da kifi, kuma hayaƙinsu fari ne sak irin namu. Cikinsa muka tashi, har mun daina ganinsa. Babu wanda ya taɓa tunanin yadda yake daga sama.

Yaya ya leƙa ta taga ya ƙwala wa mai gadi kira. "Kai Bafillace! Baƙin man injin nan da ke garwa, juye shi a wuta! Haɗa da tsohuwar tayar can!"

"Man da nake shafa wa ƙafar akuyata? Babarbare bai san darajar dabba ba!"

"Juye, bawana, na saya maka saniya!"

"Wa ya taɓa ganin saniyar Babarbare?" in ji tsohon, amma da gudu ya faɗe ta, garwar tana hannunsa.

Hayaƙin ya murtuke baƙi ƙirin, ya miƙe sama. Yaya ya koma kan akwatin, da muryar nan tasa ta kullum. "Rabu da farare. Nemi baƙi. Guda ɗaya ne."

Ya saki maɓalli, muka kasa kunne ga akwatin.

"Na gan shi."

Jirgin ya ɓullo ta saman gorubai, ya sauka, ya gangara har kusa da wutar. Baturen ya fito rigarsa sharkaf da gumi. Bai tambayi kowa ba, ya nufi ɗakin kwano ya tsaya a ƙofa yana kallon mai muryar, sannan ya miƙa masa hannu biyu.

Daga baya na yi shekaru ina aikin rediyo, kuma duk ranar da labari mai nauyi ya zo hannuna, muryar Yaya nake nema a maƙogwarona. A ranar dai, na ɗauki akwatin maganina na ɗora a ka. Ina barin filin ina jin tsohon yana tambayar launin saniyarsa.