Baba Lawrence da Kofur

Duk wanda janaretansa ya taɓa lalacewa a Azare ya san Baba Lawrence. Tun yana saurayi ya zo daga Ogbomosho ya buɗe shagon kayan gyaran inji a bakin kasuwa, ya zauna har Hausa ta kama bakinsa, har furfura ta cika masa kai. Da matarsa ta rasu, sai 'yarsa Temitope, wadda ke aure a Legas, ta kawo masa ɗan kwikwiyo a mota don ya ɗebe masa kewa. Irin karnukan nan ne masu lotsattsen hanci, fuska a tamke kamar an ɓata masa rai. Baba ya raɗa masa suna Kofur.

Kofur bai iya gadi ba. Abin da ya iya shi ne minshari, ko da idonsa biyu. In ya bi Baba zuwa shago, sai ya zube ƙarƙashin benci yana haki, numfashinsa kamar ana jan zarto. Malam Kashim, maƙwabcinsu mai sayar da taki, ba ya yarda karen ya taɓa masa riga, amma shi ke tura masa kwanon ruwa da ƙafa.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Baba gani. Temitope ta ce ya tattara ya koma Legas a yi masa aiki, ta saya masa tikitin jirgi daga Kano. Baba ya ce ƙafarsa ƙafar Kofur.

Ya kai shi wurin Dakta Halimatu, likitar dabbobi, don a duba lafiyarsa kafin tafiya. Ta daɗe tana sauraron ƙirjin karen.

"Baba, wannan ba karen jirgi ba ne," in ji ta. "Hanyar iskarsa a matse take. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, shi kuwa irin wannan, in zafi da tsoro suka haɗu masa, maƙogwaronsa kumbura yake yi. Ga shi cikin kaya za a sa shi, ba mai ganinsa."

"Ai tafiyar ba nisa, 'yata."

"Ba saman kaɗai nake tsoro ba, har da jiran ƙasa. Bazara muke ciki."

Malam Kashim ma ya sa baki. "Bar shi nan, Baba Lawrence. Ba zan kai shi gidana ba, amma ba zai kwana da yunwa ba." Baba ya yi godiya, bai kuwa canza magana ba. Gani yake in ya bar Kofur, ya bar duk abin da ya rage masa.

A filin jirgi aka karɓi kejin da aka sa Kofur a ciki, wani shuɗi na roba, aka tura shi tare da akwatuna. Can sai aka yi shelar cewa jirgi zai yi jinkiri. Baba ya lallaba jikin gilashi yana leƙen waje, ba ya ganin komai sai farin haske yana rawa a kan kwalta. Ya tambayi wata mata da ke kusa ko tana hango shuɗin keji.

"Ga shi can a saman kaya," ta ce. "A rana yake."

"Yana motsi?"

Ta ƙura ido, sannan ta kau da kai.

Ya roƙi wani ma'aikaci, aka ce ya yi haƙuri, yanzu za a loda. Da suka tashi, Baba ya cire takalmansa ya ɗora tafin ƙafa a ƙasan jirgin, ko zai ji wani abu daga ciki. Rurin inji kawai ya ji.

A Legas, Temitope ce ta buɗe kejin. Baba bai tambaye ta ba, don tun daga nesa ya san da Kofur na numfashi da ya ji shi. Ya zura hannu ya shafa fuskar. Harshen a waje yake, jikin da sauran ɗumi.

An yi aikin ido, an kuma dace. Yanzu Baba yana gani tangaran daga barandar gidan 'yarsa, sai dai magana ta yi masa wuya. Da surukinsa ya ce zai samo masa wani kare, tashi ya yi ya shige ɗaki.