Amsar da Na Bayar a Ƙofar Dawanau

A shekarun farko da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni da kawuna muna gyaran keken ɗinki a cikin birni. Shi ya koya mini sana'ar. Gidanmu yana can bayan Ƙofar Dawanau, inda mu Hausawa masu bin Almasihu muke da ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Kullum da safe mu shigo da jakar kayan aiki, mu bi shagunan teloli, kafin magariba mu fita.

A lokacin babu wa'azin da ake yi a majami'armu sai na dawowar Almasihu. Mai bishararmu yakan ce ba wanda ya san ranar, don haka kowa ya zauna da shirinsa. Ni kuwa ina ganin na gama nawa. An yi mini baftisma, ba na fashin sujada, ni ne ma mai jan waƙa. Har nakan yi wa kawuna gori a raina, domin shi karatu bai ishe shi ba, kuma sau da yawa gyangyaɗi yake yi ana tsakiyar wa'azi. Abin da na sani kawai shi ne ba ya fita gida da fushin kowa a ransa. Ko da matarsa suka yi cacar baki, sai ya koma ya ba ta haƙuri kafin ya ɗauki jaka.

Ranar da abin ya faru muna Mandawari, a shagon wani Alhaji tela da muka shekara goma muna yi masa aiki. Na kwance kan keke ke nan muka ji mutane suna gudu, ana ta jan ƙofofin shaguna. Aka ce rikicin addini ya ɓarke a waje, ya shigo gari. Alhaji ya so mu zauna a gidansa, amma kawuna ya ce iyalinmu ba su san inda muke ba, gara mu tafi tun rana na sama. Alhaji ya cire hularsa ya ɗora mini, ya ɗauko wata ya ba kawuna, ya ce zai raka mu har ƙofa.

Muka bi lungu-lungu ta Madabo. A wani kwararo muka tsallake wani mutum kwance ruf da ciki, jini ya jiƙe bayan rigarsa, takalminsa ɗaya a cikin kwata. Muka ci gaba da tafiya.

Dab da Ƙofar Dawanau wasu suka tare mu. Samari ne, za su kai goma sha, da gora da adda, taya na ci da wuta a bayansu. Babbansu yana da tabo a haɓa, idanunsa jajir. Alhaji ya ce masa baƙinsa ne mu, amma ya ture shi gefe, ya ɗora mini adda a kafaɗa, ya tambaye ni addinina.

Ban yi ko tunani ba. Na ce ni Musulmi ne. Ya ce in yi kalmar shahada, na yi ta tsaf, domin a garin nan na tashi, tun ina yaro nake jin ta. Ya sauke addar, ya juya ga kawuna.

Kawuna ya ajiye jakar da ke hannunsa. Ya cire hular, ya miƙa wa Alhaji, ya ce, "Ɗana, ni mai bin Almasihu ne. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Gorar farko a fuska ta same shi. Na ji ƙarar fashewar ƙashi. Ya faɗi, suka rufe shi da duka, wani ya sare shi a cinya, wani yana taka masa haƙarƙari. Ni ina tsaye da hula a kaina, ban motsa ba. Alhaji ne ya faɗa kan kawuna, ya rufe shi da jikinsa, yana cewa su ji tsoron Allah, wannan bawan Allah bai taɓa cutar kowa ba. Sara ɗaya ya sami Alhaji a damtse. Da suka ga jinin dattijo mai furfura yana zuba a kan farar riga, sai suka ja baya. Wani mai sayar da itace ya zo da kurarsa, muka ɗora su biyun, muka tura.

Kawuna ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Kwana huɗu ina zuwa asibiti ina tsayawa a bakin ƙofar ɗaki, na kasa shiga. A na biyar matarsa ta kamo hannuna ta kai ni gaban gadon. Na durƙusa, na fara faɗa masa abin da na yi. Ya ce ya ji da kunnensa, ba sai na maimaita ba. Ya ce kada in ɗauka shi jarumi ne, har fitsari ya yi a wando kafin a taɓa shi, bakinsa ne kawai ya ƙi juyawa.

"Ni na yafe maka tun a kan kura," in ji shi. "Sauran tsakaninka ne da wanda ka musa. Tunda bai dawo ba tukuna, kana da sauran lokaci."

Lahadi ta gaba na tsaya a gaban ikilisiya na faɗi komai. Wasu suka yi kuka, wasu suka daina gaisawa da ni na tsawon watanni. Na ajiye jan waƙa da kaina, na koma benci na baya.

Bayan wata biyu na sake shiga Mandawari ni kaɗai. Hannun Alhaji na dama bai ƙara riƙe almakashi ba, ƙanensa ne ke yanka, shi yana zaune yana nuna masa. Na zauna na haɗa kan keken da na bari a kwance, na sa masa mai, na gwada shi a kan ƙyalle. Alhaji ya tambayi jikin kawuna, ya sa aka ɗauko wata jamfa da ya ɗinka masa kafin rikicin, ya ce in kai masa, in ce yana gaishe shi.