Sandar Malamin Faransanci

Wata huɗu Inna ta yi ba ta taka ƙofar gida ba, tun da muka baro ƙauyenmu na bayan Runka muka tare a ɗakin ƙanwarta a Batsari. Ranar da ɓarayin daji suka shigo mana, da gindin bindiga suka yi ta dukan ƙyaurenmu har ya ɓalle, suka tafi da Baba. Tun daga nan ko daka ake a maƙwabta sai Inna ta toshe kunne. Ni ma ban fi ta ba, har yau ba na iya zama in ba ƙofa baya.

Ana haka malaminmu na Faransanci ya aiko kirana. Na riga na gama sakandare, amma ya ce babu wadda bakinta ya kai nawa, ga shi yana shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen zango. Shi ya rubuta abinsa, labarin wata mai tallan nono da ta fi ɗan kasuwa wayo. Ni ce mai nonon.

A Nijar ya yi karatu, kuma komai so yake a yi shi yadda masu harshen ke yi. A wajen gwaji na fara ganin sandar, doguwa, ya naɗe kanta da jan ƙyalle. Ya ce a can ba a ɗaga labule sai an buga ta a kan katako, da sauri da sauri, sannan sau uku a hankali. Na ce masa yawancin iyayen da za su zo gudu ne ya kawo su garin nan. Ya yi murmushi ya ce tsohuwar al'ada ce, wasa bai cika ba sai da ita. Na sake roƙonsa ya bar bugun sandar, ya ce zai duba. Ni kuma, don wauta, na ɗauka alkawari ne.

Kwana uku ina lallashin Inna. Ta ce ita me za ta tsinta a yaren da ba ta ji. Na ce ba sai ta ji ba, ta zo dai ta gan ni da ƙwarya a ka. Ta yi dariya, irin wadda na manta tana da ita. Bayan la'asar ta yafa mayafi, muka tafi tana riƙe da hannuna. Na zaunar da ita kusa da ƙofa.

An haɗa tebura an shimfiɗa katako a kai, ɗakin kuma rufin kwano ne, an rufe tagogi wai don ya yi duhu. Ina bayan labule ina gyara gammo na ji bugun sandar. Ban san inda na yar da ƙwaryar ba. Wata mata ta ce "Sun zo," sai benci ya fara faɗuwa kan benci. Malam kuwa bai fasa ba sai da ya cika ukunsa.

A wani aji na samu Inna, ƙarƙashin tebur, takalmi ƙafa ɗaya. Ta cusa bakin mayafinta a baki, kamar yadda ta yi a waccan ranar don kar a ji numfashinta.

Washegari Malam ya zo ƙofar gida ba da haƙuri. Daga cikin haƙurin har da cewa mutanenmu ba su saba da tsarin wasan dandamali ba.

Na ce, "Malam, mun saba. Mu an buga mana tun kafin kai, kuma da aka buɗe, ubana aka ɗauka."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Na shige na bar shi nan.

Littattafan Faransancina suna cikin buhu, ban ƙona su ba, ban kuma buɗe ba. Inna ba ta ƙara maganar wasan ba, ba ta ce laifina ne ba, da ma ta faɗa. Yanzu ko tsakar gida ba ta fita sai dole. Da rana tsaka takan ce a tokare ƙofar ɗaki da turmi, kuma ni ke mirgino shi.