Dangar da na kafa wa abokina a Manchester

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta rufe gidan da tsofaffi ke wuni a unguwar Erdington ta Birmingham, inda na yi shekaru ina shara. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya zama. Kwana uku na yi a gida a unguwarmu Handsworth, na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na wanke tagogi sau biyu, har matata ta ce, "Malam, don Allah fita ka nemi abin yi kafin ka kwance mana gidan."

A masallaci na ji ana neman masu aikin sa-kai a wata gona can bayan gari. Manomin ya ware wani dogon fili a bakin rafi, ba shuka ba kiwo, wai an bar wa tsuntsaye da ƙudan zuma. Ni da na tashi a ƙauye kusa da Bawku, inda ko bayan ɗaki sai an sa kuɓewa, na ga ƙasa baƙa wuluk an bar wa tsuntsu, na ce lallai mutanen nan sun ƙoshi.

Shugabar aikin wata baturiya ce, sa'ar 'yata ta fari. Aikinmu cire wata ciyawa mai jan fure da ta cinye bakin rafin. Amma can ƙarshen filin akwai wani kurmi da aka zagaye da igiya. Ta kai mu wurin ta ce wannan sunanta knotweed, kada wanda ya taɓa, kada a sara, kada a fita da ko ganye. Ta nuna farcenta ta ce saiwar da ba ta fi wannan ba tana iya zama kurmi. Masu feshin magani ne kaɗai ke taɓa ta, su ma an rage su, sai an jira. Turancina na shara ne da na shiga bas, amma na ji ta sarai, ba zan fake da rashin jin Turanci ba. Abin da na ce a raina shi ne, yau ga yarinya za ta koya mini ciyawa.

Idona kuwa bai bar kurmin nan ba. Sanduna ne miƙaƙƙu, sun fi ni tsayi, gaɓa-gaɓa kamar gora. A garinmu ba a zubar da kara. Da shi ake danga, da shi ake rufi, ragowar a hura wuta. Kullum na wuce sai in ji kamar ana asara a gabana.

Ina da aboki a Manchester, shekara ɗaya muka shigo ƙasar nan. Ɗan Zangon Kumasi ne, direban bas, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya sayi ɗan gida mai ƙaramin garden, wato ɗan filin shuka, a baya, sai dai katangar gajera ce, duk mai wucewa ta lungu yana leƙo su, don haka matarsa ba ta iya zama a waje ko da an yi rana. Na ce masa ya bar mini, zan kawo masa danga irin ta gida.

Wata Asabar da safe na koma gonar da motata, ba kowa. Na tsallake igiyar da shebur. Ban ma tsaya ga sara ba, tonowa na yi da gindinsu don su tsaya da kyau a ƙasa. Na zage ganyen, na cika bayan mota, na kama hanyar Manchester ina jin kaina.

Kafin la'asar danga ta tsaya. Abokina yana tsaye da kofin shayi yana kallo.

"Wannan kuma wane irin kara ne, sarkin noma?"

Na ce, "Gorar Turawa ce. Zubarwa suke yi."

Matarsa ta fito da tabarma a ranar, ta yi ta sa mini albarka.

Da sanyi ya wuce sai ga wayarsa yana dariya. "Mutumina, dangarka ta haihu! Wasu jajayen tsiro ne suka fito a gindinta, jiya kamar yatsa, yau sun kai gwiwa."

Nan take farcen baturiyar nan ya faɗo mini a rai. A ranar ya kamata in faɗa masa gaskiya. Sai na ce, "Ciyawa ce kawai. Kai ɗan birni kada ka taɓa, ina nan zuwa."

Na je da fartanyar da na taho da ita daga gida. Na yi mata yadda mahaifina ya koya mini: a sare, a tono saiwar, a daddatsa ta, a kife ƙasa a kai, rana ta ƙarasa aikin. Na manta cewa nan babu ranar, ruwa ne kullum. Ashe duk guntun da na datsa iri na shuka. Bayan wata ɗaya inda na sare goma, talatin suka fito.

Shekara biyu na yi ina wannan sintiri. Duk bayan sati uku ina kan hanya, Birmingham zuwa Manchester, fartanya a cikin buhu. In na dawo ba na iya zama. Ina sallah ina ganin jan tsiro. In wayata ta yi ƙara sai in zaci abokina ne. Matata ta ce, "Wai Malam, aure za ka ƙara a Manchester ne? In haka ne ka faɗa mini in fara shiri." Abokina kuwa yana ta gaya wa mutane bai taɓa ganin mai zumunci irina ba. Ya sa a yi mini tuwo, in ci, in koma bayan gida in ci gaba da ɓarna.

A shekara ta uku ya ajiye aiki. Mahaifiyarsa a Kumasi ta tsufa, idonta ya tafi, shi ne babban ɗanta, kullum aikenta ɗaya: ya dawo gida ta ji motsinsa kusa da ita. Ya sa gidan a kasuwa don ya tattara ya koma gaba ɗaya. An sami mai saye. Sai wanda banki ya turo ya duba gidan ya leƙa baya, ya ga abin da ya gani. Ciyawar ta cinye garden, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta ɓullo gidan maƙwabta. Banki ya ce ba zai sa hannu ba. Masu feshi suka ce yadda ta yaɗu, sai an yi shekara uku ana bin ta kafin su ba da takardar shaidar cewa ta mutu.

Ya kira ni, muryarsa a sanyaye. "Ashe gorar nan taka annoba ce. Amma kada ka damu, kai ma ina za ka sani."

Ya buɗe mini ƙofar gudu da kansa, ni kuwa na bi ta. Na ce, "Allah ya kyauta." Sati biyu ban iya cin abincin kirki ba, har matata ta tsare ni na faɗa mata komai. Ta ce, "Gobe ka tafi. Da bakinka, ba ta waya ba. Kuma ka bar fartanyar nan a gida."

A kicin ɗinsa na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin in tono."

"Mai feshin ya ce da tun fitowar farko aka kira su, da ba a daddatsa saiwar ba, da yanzu magana ta ƙare. Shekara biyu kana shigowa gidana da sallama, kana kallon idona. Me na taɓa yi maka da ka ji tsoron faɗa mini?"

Ba tsoronsa nake ji ba. Kunyar a ce ɗan manomi ciyawa ta kayar da shi ce ta riƙe mini baki. Ya raka ni bakin ƙofa, bai ce sai an jima ba.

Ana cikin shekara ta biyu ta feshi mahaifiyarsa ta rasu. Kafin jirginsa ya sauka an riga an kai ta. Da ya dawo na je ta'aziyya, na zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. Da mutane suka ragu ya yafito ni. Ya ce, "Ajalinta ne, ba kai ka kawo shi ba. Ciyawar tun ranar na yafe. Shirun ne ya daɗe a maƙogwarona. Shi ma na yafe, tashi daga cikin takalman nan."

Daga baya gidan ya sayu, ya koma Kumasi. Muna waya, yana tsokanata kamar da.

Na yi kuskure da yawa a rayuwa, amma wannan ne ba ya bari in zauna. Ɗauko karan wauta ce ta safiya ɗaya, kuma da na buɗe baki da wuri, da abin ya tsaya a kan dariya da ɗan feshi. Abin da ya cuci abokina shi ne na fi son in gyara a ɓoye da in ce na yi laifi. Yanzu duk wanda na ɓata wa, ko jikata ce, ba na bari rana ta faɗi ban faɗa ba.

Ranar Juma'a in na kira shi, wani lokaci yakan ce, "Yanzu na dawo daga wurin Hajiya." Maƙabarta yake nufi, inda mahaifiyarsa take kwance. Ni kuwa na san akwai kusan shekara biyu da zai faɗi wannan maganar yana nufin ɗakinta, kuma ni na hana shi su. Ya yafe, na gode wa Allah. Amma in ya faɗi haka ba na iya cewa komai sai Allah ya jiƙan ta, in jira ya canza magana.