Igiyar Gugar da Nomau Ya Ɗaure Ƙafarsa

Damina ashirin ke nan da rasuwar yayana Nomau, har yau in na ga ana yi wa jaki dabaibayi sai na kau da kai.

Ɗan baka ne, dakare, cikin rundunar da ta bi sawun maharan da suka kore shanun Birnin Lalle. A wata rijiya arewa da garin Mai Yara aka yi musu kwanton ɓauna, dawakansu duk sun jigata da ƙishirwa. Nomau ya kwance igiyar guga ya ɗaure ƙafafunsa, yadda mazan jiya ke yi in sun haramta wa kansu gudu. Ya ce wa Barde, mai jan rundunar, "Ku tahi, ni riƙe su har ku yi nisa." Suka tafi kuwa, ba wanda ya waiwayo.

Ni da mijina muka je muka binne shi. Kwarinsa wayam, ko kibiya ɗaya babu.

Amma abin kunya ne a ce mai tafiya ƙasa ya ceci masu doki, sai aka juya labari: wai nauyin jiki gare shi, mahara suka kama shi suka ɗaure. Haka ɗansa Sha'aibu ya tashi a hannuna, yara na ce masa ɗan wanda aka ɗaure kamar akuya. Maroƙa kuma ba sa yi wa kabari kirari, tunda ba ya kyautar riga. Barde ya aje tumbi, kowace salla ana kaɗa masa yaƙin da ƙeyarsa kaɗai ta gani. Da Nomau zai leƙo yau, na san halinsa, dariya zai yi ya ce a ƙyale su. Ni ban gaji wannan haƙuri ba, raina a ɓace yake.

Bana mahara sun dawo. Sai ga Barde da kansa a ƙofar gidana.

"Gwaggon Sha'aibu, ki ba mu yaron ga. Mai tsare muna baya muka so, jinin Nomau kuwa ba shi gudu."

Na ce, "Ashe ka sani? To hito dandali ka hwaɗi hakanga gaban makaɗanka."

Bai fito ba. Amma Sha'aibu na zaure, ya ji, ya ɗauki baka ya bi su yana murna, yau an wanke ubansa.

Abin da ya saura na Nomau ke nan: gaskiyar da aka faɗa sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, don a raba ni da ɗansa.