Shekarar da Nikareta Ba Ta Shafa Ƙaro Ba

Ina tsinkar zaitun a bayan gida Filona maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Melita, ajiye kwandon nan. Ƙawarki Nikareta ta rasu." Na ajiye. Ban yi kuka ba sai da na ga yumɓun da ta kwaɓa ya bushe a tsakar gidanta.

Tun muna 'yan mata muke tare. Randuna take ginawa, manya, irin waɗanda muke zuba mai da hatsi, wani lokaci mu binne jarirai a ciki. Mace ce mai faɗa da dariya, ga son ɓaure kamar tsuntsu. Ɗanta ɗaya, Likon, ya bi jirgin ruwa mai dakon alkama yana saurayi. Jirgin bai dawo ba, ba a kuma ga ko katakonsa ba.

Kowa ya san labarin macen farko da ta buɗe randa, cututtuka da wahala suka watsu a duniya, sa rai kaɗai ya maƙale a ƙarƙashin murfi. Ni na ɗauka tausayinmu alloli suka ji. Nikareta ta ce, "Ke dai ba ki taɓa gina randa ba. Wa kika ga ya haɗa zuma da kunamu a randa ɗaya? Abin da ke ciki duk dangi ne."

Duk shekara, a bikin buɗe randunan sabuwar giya, matattu kan fito su zaga gidajensu kwana uku. Mukan shafa baƙin ƙaro a ƙofa don kada su shigo. Babu mai laɓta shi kamar Nikareta, har yana ɗiga. Na taɓa tsokanarta, "Matsoraciya, wa kika cuta a cikinsu?"

"Ba tsoro ba ne," in ji ta. "In Likon ya shigo tare da su, na sani ke nan."

Haka ta tsufa. Ba ta yi masa kabari ba, ba ta yi makoki ba. In aka ce jirgi ya iso, sai ta bar aiki ta tsaya a hanya har rana ta ƙona mata wuya.

A bikin bana, kafin rasuwarta, na kai mata ƙaro, ta mayar mini da shi. "Na gaji, 'yar'uwa. Bari ya zo in huta."

A rana ta uku ta bikin, da hantsi, mutane na ta ihun korar matattu a lunguna, na je gidanta. Ƙofa a buɗe. Tana zaune a kan kujera, ta yi kwalliya.

"Babu wanda ya zo," ta ce, tana murmushi. "Kin ga yana raye ke nan."

Sai na dubi ƙasa. Daga bakin ƙofa zuwa gaban kujerarta sawun ƙafa ne, babba, a jiƙe. Ɗakin na warin teku, mu kuwa a kan tudu muke, nesa da ruwa. Sawun ya shiga, bai fita ba. Na dube ta, ita ma ta dube ni, idonta a bushe.

"Yana raye, ƙawata," na ce.

"Yauwa. To in za ki tafi, bi ta gefe. Ki ja mini ƙofar kuma, kada iska ta busar da ƙasan."