Laimar da Ta Fi Ƙarfin Vuai

Akwai wani sirrin Vuai da zan faɗa muku, amma ku dakata tukuna ku san mutumin. Masunci ne a nan Paje, garinmu na bakin teku, siriri kamar tsinken tsire, in zai yi atishawa sai ya dafa bango. Shi ne fa ya ga baƙi suna tsere a teku, laima na jan su a kan katako, ya ce shi ma sai ya yi.

Mai sayar da kayan ya ce ɗan koyo da ƙaramar laima yake farawa. Vuai ya ce a gidansu girman ƙyallen jirgin ruwa shi ne girman mai jirgi. Ya zaɓi wadda za ta rufe kasuwa, ya yi shela cewa ranar Asabar za a sha kallo.

To jiya na laɓe bayan bishiyar kwakwa, na ji yana roƙon matarsa.

"Mwanaidi, don Allah ki ce musu zazzaɓi nake yi. Da na gwada ta, sai da na hango rufin masallaci a ƙasana!"

"Mai gida, ka canjo ƙarama mana."

"A ce na ji tsoro? Gara ta jefa ni tsibirin Pemba!"

"To in ka sauka can, ka gaishe min da su inna."

Dariya ta suɓuce mini. Vuai ya waigo, zufa na tsiyaya.

"Bi Mtumwa, ke ce? Shi ke nan, tunda kin ji, gari ya ji; zazzaɓi ya tashi aiki. Mwanaidi, haɗa min guzurin Pemba."